Na Huɗu a Taswira

Ubana, Maude na Dogon Marke, sau ɗaya na taɓa jin ya tambayi mutum hanya, kuma ni ya tambaya. Da na san abin da amsata za ta jawo, wallahi da na ce wayar ba caji.

Sunana Mahfuza. Ni ce ta uku a 'ya'yansa, ina aure a Safana, ina aikin rigakafin yara. Haushi ne ya sa ni wannan rubutu. Ina jin haushin kaina, ina jin na Baba, ina jin na yayansa, kuma har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Dogon Marke ƙaramin ƙauye ne a tsakanin Batsari da Safana, ko in ce ƙauye ne a da, don yanzu ko kaza babu. Can aka haifi Baba. Su uku ne a ɗakinsu: Baba Jinjiri ne babba, sai shi, sai Gwaggo Mairo auta. Gero da gyaɗa yake nomawa kamar kowa, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya fi wani noma ba. Abin da aka san shi da shi kai goro ne. In an haihu, ko an sa ranar aure, ko an yi rashi ana son sanarwa, Maude ake kira. Ya zuba goron a jakar fata, ya saɓa sanda, ya kama hanya. Ƙafa kam Allah ya ba shi, dogaye marasa nama. Amma ba don sauri ake kiransa ba, don ya san ƙofar da ake fara shiga ne.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga kamar wannan ba wani ilimi ba ne. To, ilimi ne, har da na kashe zumunci in aka yi kuskure. Wata shekara Baba yana kwance da zazzaɓi, aka aiki wani da goron suna. Mutumin ya fara kai wa kawun jariri kafin kakansa, don kawai gidan kawun ne a bakin hanya. Kakan ya ji. Ragon da ya ɗaure don jikansa ya kwance shi ya mayar garke, bai zo sunan ba, aka yi shekara biyu ana lallashi. Duk sanda aka tuna wa Baba sai ya yi tsaki ya ce, "Ɗan banza, ƙahwarshi ya tausaya ma. Wa ya ce mashi kusa ake bi? Girma ake bi." Na sha ganinsa ya wuce gida uku ya je na huɗu, sannan ya juyo da baya yana bin sauran ɗaya bayan ɗaya, rana na dukansa, ko a jikinsa.

Baba Jinjiri shi ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu. Mutum ne mara yawan magana, mai riƙo. In ka yi masa alheri ba ya mantawa, in ka ɓata masa ma haka. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya zauna tabarma ɗaya da shi ba. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, "Yaya, an wuni lahiya?" Shi kuwa ya amsa da ka, yana ci gaba da abin da yake yi. Amma in Baba ya yi tafiyar kwana biyu, Baba Jinjiri ne zai fara fita bakin gari yana cewa wai shanu yake dubawa.

A 2019 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Baba Jinjiri ya kora shanun gida ya kai su Tsaskiya, gidan surukansa, ya ce zai dawo washegari a ɗauki mahaifiyarsu, Kaka, wadda ƙafa ta riga ta ƙi. Ya ja wa Baba kunne: kada a motsa da ita sai ya dawo. Da hantsi labari ya zo cewa ga su nan tafe, kuma ta hanyar Tsaskiyar suka biyo. Baba ya ɗora Kaka a amalanken maƙwabcinmu Manu, muka yi Batsari, don nan ce kaɗai hanyar da ke buɗe. Kwana goma sha tara Kaka ta yi a wani ajin firamare, mu da wasu gidaje shida, sannan ta cika. Aka yi mata sutura a ranar, kamar yadda addini ya ce. Hanya a rufe take, Baba Jinjiri bai iso ba sai ran uku.

Bai zauna ba. A tsaye ya yi gaisuwar mutane, sannan ya dubi Baba ya ce, "Na ce ka jira ni. Ka ɗauke ta ban gani ba, ka ruhe ta ban gani ba." Ya juya ya koma Tsaskiya, kuma daga ranar bai sake yi wa Baba magana ba.

Ni dai a ganina Baba ya yi daidai, kuma Baba Jinjiri ya san haka. Amma waɗanda suka raba shi da uwarsa suna daji da bindigogi, hannunsa ba zai kai gare su ba. Ƙanensa kuwa yana nan kusa, mai sunkuyar da kai. Sau biyu Baba yana aika dattawa da goro, sau biyu goron yana dawowa ko kwance shi ba a yi ba. Shi da kansa bai je ba. Mutumin da ya ratsa dajin nan ƙasa da sama yana tsoron ƙofa ɗaya. Ya zauna Batsari a ɗakin haya, yana noma wata 'yar gona ta aro, kuma ba mai aikensa ko'ina, don yanzu kowa da wayarsa. In ka same shi da yamma a ƙofar gida, ƙafafun nan a miƙe, sai ka ji ba daɗi.

Shekara biyar ana haka, sai yayana Tayyib, da ke aiki Fatakwal, ya biya wa Baba kujerar Makka. Kowa ya yi murna ban da shi. A wajenmu maniyyaci ba ya tashi sai ya zagaya danginsa da ƙafarsa ya nemi yafiya, kowa ya ce masa "na yafe" da bakinsa, don tafiya ce da ba kowa ke dawowa ba. Baba ya ce shi bai ga amfanin ya tsaya gaban Ɗakin Allah yayansa na riƙe da shi ba. Gwaggo Mairo, da ke aure Karare, ita ta shiga tsakani. Wata uku tana kai gwauro tana kai mari, tana kuka a nan tana kuka a can, har Baba Jinjiri ya ce, "Shi zo. In ya zo da ƙahwarshi, ni ba dutse ba ne."

Baba ya tsara zagayen kwana uku. Sai kira ya zo cewa jirginsu ya matso, ana son su a sansanin alhazai a Katsina ran Alhamis da safe. Ranar Talata ce. Laraba kaɗai ta rage. Aka aika wa Baba Jinjiri cewa gobe da safe Maude na tafe.

Na zo daga Safana da azahar na same shi yana jujjuya hula a hannu. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai ina da abin da zai warware mana. A wajen aiki an koya mana wata manhaja ta tsara tafiya. Ka rubuta mata duk ƙauyukan da za ka, ta ɗora su a taswira, kowanne da ɗigonsa da lambarsa, ta ja shuɗin zare ta haɗa su, ta gaya maka awa nawa za ka yi. Ina ji da ita sosai a lokacin. Har gori nake yi wa abokan aikina da ba su iya ba.

Na ce, "Baba, faɗa mini gidajen."

Ko tunani bai yi ba. "Yaya a Tsaskiya. Sai Malam Ashafa a Yasore, shi ya ɗora ni a allo. Sai Mairo a Karare. Sai Manu, tunda shi ma an zauna tare."

Manu a lokacin ya koma wata 'yar unguwa a kan hanyar Safana. A gidana za mu ƙare, Baba ya kwana, maigidana ya kai shi Katsina da safe. Na rubuta su yadda ya faɗa. Zaren da ya fito a taswira ya cukurkuɗe kamar na saƙar da kyanwa ta yi wasa da shi: mu gangara Tsaskiya, mu juyo baya har Yasore da Karare, mu sake gangarowa ta hanyar da muka riga muka bi. Ta rubuta awa shida da wani abu, tafiya zalla, ba gaisuwa a ciki. Gaisuwar mutanenmu kuwa, kafin a gama tambayar gida da gona da gajiya da ya muka ji da jama'a, an sha fura an yi addu'a, awa ta tafi.

Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasa da ke gyara jeri. Na danna. Nan take zaren ya miƙe sarai: Yasore, Karare, unguwar Manu, Tsaskiya, Safana. Awa uku ba kaɗan. Har wani daɗi na ji a raina, irin na wadda ta iya aiki.

Barau, mai mashin ɗin da zai kai mu, yana tsugune a gefe. Magidanci ne mai 'ya'ya bakwai, kuma an taɓa tare shi a hanyar nan an karɓe masa mashin. Ya leƙa wayar ya ce, "Ni dai Baba, gaskiya ɗaya ce. La'asar ta yi ban kan hanyar nan, ko uwata ce a baya. In wanccan na hwarko za a bi, a nemi wani." Babu wani kuma, don duk masu mashin amsarsu ke nan.

Na miƙa wa Baba wayar. Boko bai yi ba, amma lamba ya santa tun zamanin awon gyaɗa. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Maimakon ya dubi zaren, sai ya ce, "Ina Dogon Marke a nan?" Taswirar ba ta san sunan ba, amma na juya ta zuwa hoton sama, na ja da yatsa har na samo. Tsohon hoto ne. Ga rufin ɗakuna nan lafiya lau, ga rumbuna a jere, ga inuwar marken. Ya ɗora yatsa ya ce, "Ga rumbun Yaya. Ga namu." Ya daɗe yana kallo, na ƙyale shi, sannan na mayar da ita kan tafiyarmu.

Ya bi ɗigon da yatsa. "Wanga huɗun hwa, wane ne?"

"Tsaskiya ce, Baba."

Ya ɗauke yatsa daga kan wayar. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na ce zamani ya canza. Na ce rai ya fi al'ada. Na ce Baba Jinjiri ai ya san halin hanya, zai gane. Na ce ko ta fari ko ta ƙarshe, zuwa dai zuwa ne. Yau in na tuna yadda na zage ina koya wa Maude mai kai goro yadda ake zuwa gidan mutane, sai in ji kamar in mari kaina.

Ya ɗago ya ce, "To ke mi kika gani? Ina za mu bi?"

Na ce, "Mu bi zaren nan."

Ya ce, "To. Tunda waya ta ce."

A nan haushin Baba yake kama ni. Na ga fuskarsa lokacin da ya faɗi haka, kuma sauƙi na gani a cikinta. Ya san abin da huɗun nan take nufi fiye da duk wanda ke raye. Da ya daka mini tsawa ya ce Tsaskiya za a fara, sauran a yi musu waya, da magana ta ƙare. Malam da Gwaggo da Manu ba wanda ke riƙe da shi. Amma tsoron ƙofar nan yake, sai ga waya ta ba shi awa biyar na jinkiri, ya karɓa hannu biyu.

Laraba ƙarfe takwas muka tashi, Barau a gaba, Baba a tsakiya, ni a baya riƙe da waya ina kallon ɗigonmu yana tafiya a kan zare. An yi ruwan farko kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, mutane na shuka a gonakin da ke kusa da gari. Na nesa kuwa ciyawar bara ce a tsaye.

A Yasore Malam Ashafa, tsoho tukuf, ya riƙe hannun Baba ya ce, "Ka hito wajen yayanka ke nan? Ya kuka yi?"

Baba ya ce, "Muna hanya, Malam."

Malam ya saki hannun. Ya dube shi, ya dube ni. Ya yafe, ya yi addu'a, kuma addu'ar ba ta yi tsawo ba. Da muka tashi ya ce, "Ku yi sauri."

A Karare Gwaggo Mairo ta fito da gudu da murna, zani na kwancewa. "Ya yahe? Ku hwaɗa mani, ya yahe?" Da ta ji ba mu je ba tukuna, sai ta zauna a ƙasa daɓas ta ɗora hannu a ka. "Yaya Maude! Kai? Ni ka hwara zo ma?" Ba ta rufe baki ba wayarta ta yi ƙara, irin ƙaramar nan mai ihu da kowa ke jin abin da ake faɗa. Inna Safiya ce, matar Baba Jinjiri. Ta ce, "Mairo, ko kin ji labarin sun taso? Tun sahe yayanku ke zaune waje, tuwo har ya huce." Gwaggo ta dubi Baba. Daidai nan mijinta ya shigo yana ɗaga murya, "A'a, Alhaji Maude! Yau kai ne a gidanmu? Lale, lale!" Muka ji wayar ta yi shiru, can kuma muka ji muryar namiji daga nesa yana cewa, "Kashe."

Ko ruwa ba mu sha ba. Baba ya ce wa Barau kada ya tsaya ko'ina sai Tsaskiya. Amma gidan Manu a bakin hanya yake, kuma Manu na zaune a ƙofa yana jiranmu, don ni da kaina na yi masa waya jiya. Ya taso tsakiyar hanya hannu a buɗe. Ba yadda za a yi a kewaye mutum a haka. Minti goma muka yi, a tsaye, amma an yi.

Ƙarfe biyu da rabi muka shiga Tsaskiya, don laka ta hana mashin gudu, ba ruwanta da lissafin waya. Daga baya Inna Safiya ta ba ni labarin safiyar. Tun bayan sallar asuba Baba Jinjiri ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ya yanka zakara. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya kira liman da dattawa biyu su zama shaida, don yana son abin da aka ɓata a gaban mutane a gyara shi a gaban mutane. Duk mashin da ya wuce sai ya miƙa wuya. Bayan wayar nan ya ba dattawan haƙuri ya sallame su, ya naɗe tabarmar da hannunsa.

Mu abin da muka tarar, tsoho ne zaune a kan kututture da rigar gona, yana wasa fartanya. Baba ya cire takalmi tun daga nesa, ya cire hula, ya durƙusa a kan ƙasa.

"Yaya, an wuni lahiya?"

"Lahiya."

"Yaya, na zo ne..."

"Daga ina?"

Baba ya sunkuyar da kai. Sai ni, sarkin iyawa, na matso na durƙusa gaban Baba Jinjiri na ce, "Baba, laifina ne. Ba shi ba ne, tsarin hanya ne. Duba ka gani." Na miƙa masa wayar, taswirar a buɗe. A zatona in ya ga yadda zaren ya miƙe, ya ga awa shida ta koma uku, zai ce ashe haka ne.

Ya ajiye fartanya, ya goge hannu a riga, ya karɓa. Ya duba a tsanake, ba fushi a fuskarsa.

"Wanga ɗigon da muke kai, ni ne?"

"Kai ne, Baba."

"Huɗu." Ya matsa da yatsa sama. "Ɗaya hwa?"

"Malam Ashafa."

"Malami ne, ba komi. Biyu?"

"Gwaggo."

"Mairo. Da na goya." Ya gyaɗa kai. "Ukku?"

Na kau da kai. Ya jira. Na ce, "Manu."

"Mai amalanke," in ji shi. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, kamar ya ari kayan mutane yana mayarwa. "Tashi, ɗiyata, ke ba ki da laihi. Ke yarinya ce, abin da aka koya maki kika yi." Sannan ya juya ga Baba. "Da wani ne, sai in ce bai sani ba. Kai ne hwa, Maude."

Baba ya sa goshi kusa da ƙasa. "Yaya, ka yahe mani. Don Allah, don Annabi. Na da, da na yau." Sau uku yana faɗa. Mutum mai shekara sittin da uku, furfura a kai, yana kuka a gaban ɗiyarsa da mai mashin.

Baba Jinjiri ya miƙe ya ɗauki fartanyarsa. Ya ce, "Allah shi kai ka lahiya, shi karɓi ibada." Ya shige gida ya ja ƙyaure.

Duk wanda ke wajen ya san ba ita ce kalmar da aka zo nema ba. Baba ya ce shi a nan zai kwana, a ƙofar. Barau ya dubi rana ya dube ni. Inna Safiya ta leƙo ta katanga tana share ido da gefen mayafi, ta ce a hankali, "Ku tahi, kada ka rasa jirgi. Na san shi. Kahin ka dawo ya huce. In ka sauka ka hwara da nan, ka ji?" Da wannan muka ɗaga Baba.

Muka kama hanyar Safana. Ina bayansa ina jin yadda kafaɗarsa ke rawa. Da muka isa gidana na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya ce, "Ba ke ba ce. Na ga huɗun da idona." Ina fitowa daga ɗakin wayata ta yi ƙara. Manhajar ce, tana taya ni murnar kammala tafiya, wai in ba ta taurari daga ɗaya zuwa biyar.

Kwana goma sha ɗaya da tashinsu, Baba Jinjiri ya faɗi a gona. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. A wajenmu ba a gaya wa wanda ke aikin hajji mummunan labari, sai ya dawo. Duk sanda Baba ya kira, bayan gaisuwa tambayarsa ɗaya ce, "Yaya hwa?" Mu ce lafiya lau. Ya ce ya yi masa ɗawafi, ya sayo masa darduma da hula. Mu ce madalla.

Ran da suka sauka Katsina bai yarda an kai shi gida ba. Mutane na jiransa a Batsari da abinci, ya ce su jira. Da jakarsa da jarkar zamzam muka wuce Tsaskiya kai tsaye. A mota maigidana ya gaya masa. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka ba, ya ce kawai, "Yana ji?" Aka ce yana ji, yana gane mutane.

Mun same shi kwance a zaure, ya rame, an jingina shi da matashi. Baba ya durƙusa, ya ce, "Yaya, na dawo. Nan na hwara zuwa. Ko gida ban je ba, ga jakata nan." Ya zuba zamzam a murfi ya ɗiga masa a baki, rabi ya gangaro ta gefen da ya karkace, ya goge masa da hannun rigarsa. Sannan ya ce, "Yaya, ka yahe mani?"

Baba Jinjiri ya kafe shi da ido. Leɓensa ya motsa, maƙogwaro ya yi wani sauti, hawaye ya gangaro. Inna Safiya ta ce, "Ka gani? Ya yahe. Wallahi ya yahe, dubi hawaye." Liman ma da aka kira ya ce alama ta isa, Allah na duba zuciya. Baba ya ce a ba shi hannun da ke da rai, ya ce, "Yaya, in ka yahe, matse hannuna." Hannun ya yi rawa a cikin nasa, kamar yadda yake rawa a hannun kowa tun da ciwon ya same shi. Baba ya ce shi bai ji an matse ba, kuma bai ji an ƙi ba.

Yau shekara guda da wata biyar ke nan. Duk Laraba Barau na zuwa ya ɗauke shi da safe. Ba ya tsayawa ko'ina, ko mai za a sha sai a dawowa. Ya yi wa yayansa aski, ya yanke masa farce, ya juya shi, ya ba shi labarin gona da na wanda ya mutu da wanda ya haihu. In zai tashi ya durƙusa ya yi tambayarsa, ya zuba wa bakin nan ido. Mutanen Tsaskiya sun saba, har suna cewa Alhaji ya zo jin amsa. Na ce da shi ya isa haka, hanyar nan ba lafiya gare ta ba, malamai sun ce an yafe. Ya ce malamai ba su ne Yaya ba.

Larabar da ta wuce na bi shi. Da ya yi tambayar, leɓen Baba Jinjiri ya daɗe yana motsi fiye da kullum, har jijiyar wuyansa ta tashi. Baba ya kai kunnensa dab da bakin. Ni ma na matso. Iska ce kawai ta fito, da ɗan gurnani.

A waje, Barau na tada mashin, Baba ya tsaya yana sa takalmi. Bai dube ni ba ya ce, "Mahfuza, ke idonki ya hi nawa. Mi kika ga ya ce?"

Na ce, "Baba, ya ce ya yafe. Na gani."

Ya gama sa takalmin, ya miƙe, ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Allah shi yi maki albarka," in ji shi. "Ke ma ba ki ji ba."

Ya hau mashin, ya ce wa Barau mako mai zuwa ya zo da wuri.